Sa'ad da Cutar Daji Ta Shiga Ɗakin Aure



Kowace shekara, ran 11 ga Fabrairu, Ikilisiya takan kiyaye Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a 1992, aka kuma fara kiyaye ta a 1993. A wannan rana mukan yi addu'a domin waɗanda ke kwance, mu tuna da likitoci da ma'aikatan jinya. Amma akwai wani da ba safai ake ambatonsa ba, wato wanda ke zaune bisa tabarma a gefen gadon, mijin mara lafiyar ko kuwa matarsa. Littafin Farawa ya koya mana cewa aure yakan mai da mutum biyu jiki guda. In haka ne kuwa, ciwon da ya kama ɗaya ya kama su duka biyu ke nan, ko da yake sunan mutum ɗaya ne aka rubuta a katin asibiti.

Muna so mu yi tunani tare a kan cutar daji, wadda ake kira sankara ko kansa. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 kimanin mutum miliyan 20 ne aka gano suna da ita a duniya, kusan miliyan 10 kuma suka mutu. A Nijeriya a wannan shekarar waɗanda aka gano sun haura 120,000, waɗanda suka mutu kuwa sun kusa 80,000. A wajen mata ta fi kama mama da bakin mahaifa. A wajen maza ta fi kama wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet. Wannan cuta ba irin zazzaɓin da ke kwana uku ya tafi ba ce. Takan zauna a gida watanni ko shekaru, ta cinye abin da ke rumbu, ta sāke kamannin jiki, ta kuma tone abin da ke binne a zuciyar miji da mata. Shi ya sa ma'aurata masu bi sukan zo mana da tambaya biyu: ina ma'anar wannan wahala a gaban Allah, me kuma kowannenmu ya wajaba ya yi wa ɗan'uwansa a cikinta?

Laifin wane ne?

Da zarar likita ya faɗi sunan cutar, tambayar da ke fara tasowa a gidajenmu ita ce, wa ya jawo? Wani ya ce jifa ne, wani ya ce sammu ne daga dangin miji, wani ya nuna wata tsohuwa a unguwa. Waɗansu masu bi kuwa sukan juya yatsan zuwa ga mara lafiyar, su ce lalle akwai wani zunubi da bai furta ba. Wannan tambaya tsohuwa ce. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna almajirai sun ga wani da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ubangijinmu ya kawar da duka biyun, ya karkata hankalinsu ga aikin da Allah zai yi a kan mutumin. Abokan Ayuba ma sun yi kwana bakwai zaune tare da shi shiru, wannan ne kuwa alherin da suka yi masa mafi girma. Da suka buɗe baki suka shiga neman laifinsa, sai suka ƙara masa ciwo bisa ciwo, har Allah da kansa ya tsawata musu.

Ilimin da Allah ya ba 'yan Adam ya nuna mana cewa jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta masu rabuwa bisa tsari. Daji yakan fara ne sa'ad da waɗansunsu suka ɓata, suka dinga yawaita ba tsayawa, har su zama ƙari, su kuma bazu zuwa wasu sassa. An san waɗansu abubuwa da ke ƙara haɗarin haka, kamar shan taba, da yawan giya, da ƙwayar cutar hanta, amma mutane da yawa sukan kamu ba tare da sun yi ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ba a ɗaukar daji ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciya a gado ɗaya. Game da na bakin mahaifa, gaskiya ne wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ke jawo shi, amma ta yaɗu ƙwarai har yawancin manya sun taɓa haɗuwa da ita, tana kuma iya yin shiru a jiki shekara 10 ko 20. Saboda haka kada wani miji ya mai da takardar likita ta zama takardar tuhuma a kan matarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, zargi kuwa shi ne tsagar farko da ke rushe gidan da ciwo ya shiga.

Inda ma'anar take

Akwai kuskure na biyu, wanda ya fi na farko kama da ibada. Wato a je gaida mara lafiya a ce masa Allah ne ya zaɓe shi ya ba shi wannan kyauta, ya kamata ya yi murna. Ikilisiya ba ta koyar da haka ba. Cuta mugun abu ce. Yesu bai taɓa yaba wa kuturta ko makanta ba, warkar da su ya yi, ya kuma yi kuka a bakin kabarin Li'azaru. A cikin wasiƙar da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta a 1984 a kan ma'anar wahala ga Kirista, ya nuna cewa Kristi bai amsa tambayar wahala da dogon bayani ba. Shiga cikinta ya yi da kansa, ya ɗauke ta har kan gicciye, sa'an nan ya kira mu mu bi shi. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake faɗa, gama an harbe shi da bindiga a 1981, ya yi doguwar jinya.

Don haka idan ma'aurata suka tambaye mu ma'anar dajin, amsarmu ita ce shi kansa ƙarin ba shi da wata ma'ana da za a tono a cikinsa. Ma'anar tana cikin abin da mutum biyu za su yi da kwanakin da ciwon ya ɗora musu, da kuma wanda za su tarar yana tare da su a cikin kwanakin. A nan ne ya kamata mu tuna da wani abu game da sakramentin aure wanda da yawanmu suka koya a ajin katikis suka manta. Bisa ga koyarwar Ikilisiyarmu, ango da amarya su ne ke ba juna wannan sakramenti. Fada shaida ne, yana karɓar alkawarinsu a madadin Ikilisiya, yana sa musu albarka. Alkawarin kuwa ya ambaci ciwo da sunansa, kamar yadda ya ambaci lafiya. A ranar biki, ana kiɗa ana guɗa, ba wanda ya tsaya ya auna nauyin wannan kalma. Ɗakin asibiti ne ke auna ta.

Tun da yake su ne suka ba juna sakramentin, su ne kuma za su ci gaba da miƙa wa juna alherin da ke cikinsa har mutuwa ta raba su. Mijin da ya tashi da tsakar dare ya riƙe wa matarsa kwano tana amai, aikin bagade yake yi, ko da bai sani ba. Matar da ke juya mijinta a kan gado don kada bayansa ya yi gyambo, hannun Kristi ne a wannan ɗaki. Manzo Bulus, a sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, ya kwatanta ƙaunar miji da ta Kristi wanda ya ba da ransa saboda Ikilisiya. Mara lafiya yakan tambaya ina Allah yake. Sau da yawa amsar da Allah ya shirya masa tana zaune a gefen gadonsa, tana fifita masa da mahuci.

Luwis da Zeli Martin

Domin kada a ce maganar baki ce kawai, bari mu duba wani gida da Ikilisiya ta sa a gabanmu. Luwis Martin mai gyaran agogo ne, matarsa Zeli kuwa mai sana'ar saƙar leshi, a garin Alanson na ƙasar Faransa. Sun yi aure a watan Yuli na 1858. Allah ya ba su 'ya'ya tara, huɗu suka rasu suna ƙanana tsakanin 1867 da 1870. Autarsu ita ce Waliyiya Tereza ta Lisiyo, wadda majami'u da makarantu da yawa a ƙasarmu ke ɗauke da sunanta.

A 1865 Zeli ta rubuta wa ƙanenta cewa tana jin wani ƙullutu a mamanta, ta nemi shawararsa game da tiyata. Ba a yi kome ba. Aka ci gaba da haihuwa, da binne yara, da sana'a, har shekara 11. Da ta je wurin likitoci a ƙarshen 1876, sai aka ce lokacin tiyata ya wuce. Ta dawo gida ta gaya wa iyalinta gaskiya duka. Gidan ya ɗauki kuka, har ita kanta ta ji zafin ganin abin da maganarta ta jawo. Luwis, wanda kamun kifi shi ne abin shaƙatawarsa, ya naɗe ƙugiyoyinsa ya ajiye, ya daina zuwa wurin abokansa.

A watan Yuni na 1877 Zeli ta yi tattaki zuwa Lurdes tare da manyan 'ya'yanta mata uku, ana ta addu'a, ana sa zuciya ga mu'ujiza. Ta shiga ruwan, ta sake shiga, ba ta warke ba. Tafiyar ma ƙara mata rauni ta yi. Luwis ya je tashar jirgin ƙasa da ƙananan yaran yana jiran labari mai daɗi, ya ga matarsa ta sauko da ciwonta. Ita ce ta shiga ƙarfafa shi. A ranar Juma'ar farko ta watan Agusta ya tallafe ta zuwa Misa, gama ba za ta iya kai kanta ba. Ta karɓi sakramenti na ƙarshe iyalinta na durƙushe, ta rasu ran 28 ga Agusta 1877 tana da shekara 45, Tereza kuwa ba ta cika biyar ba. Luwis ya bar garinsu ya koma Lisiyo domin 'ya'yan su tashi kusa da dangin uwarsu, kamar yadda ita ta so. Ya rasu a 1894. Ran 18 ga Oktoba 2015 marigayi Paparoma Faransis ya ayyana su cikin tsarkaka a rana ɗaya, su ne kuwa ma'aurata na farko da aka yi wa haka tare.

Mu lura, Ikilisiya ta ɗaukaka matar da ta roƙi waraka ba ta samu ba, da mijin da ya yi addu'a ya kuma binne matarsa. Da a ce waraka ita ce ma'aunin bangaskiya, da waɗannan biyu sun faɗi jarrabawa. Mu kuma lura da shekara 11 ɗin nan. A zamaninsu tiyata abin tsoro ce ƙwarai, ba mu da ikon zarginsu. Mu kuwa da muke da abin da ba su da shi, ba mu da hujjarsu.

Gaskiya tsakanin miji da mata

Abu na farko da ma'aurata ke bin juna a wannan hali shi ne gaskiya. Mata da yawa sukan ji ƙullutu a mama, ko su ga jini ba lokacinsa ba, su yi shiru watanni. Wata kunya ce ta hana ta, wata tsoron kuɗi, wata kuma tsoron kada maigida ya guje ta. Maza ma sukan ɓoye wahalar fitsari, su ce tsufa ne. Idan mace ta ji tsoron gaya wa mijinta abin da ke jikinta, to tun kafin daji ya zo akwai wani ciwo a gidan, maganinsa kuwa yana hannun mijin. Ya kamata kowace mace ta san cewa in ta ce, "Maigida, ina jin wani abu a nan," amsar da za ta ji ita ce, "Shirya, gobe mu tafi asibiti."

Akwai kuma ɓoyon da ake yi da sunan tausayi. Likita ya kira miji gefe ya gaya masa, shi kuma ya koma ya ce wa matar, "Maman yara, ba kome ba ne, ƙurji ne kawai." Dangi duka sun sani, mai ciwon kaɗai aka bari a duhu. Mun fahimci zuciyar da ke yin haka, amma mu auna abin da ake ƙwace mata. Jikinta ne, ranta ne, ita ce ke da hakkin yanke shawara a kan maganin da za a yi mata. Tana da 'ya'yan da za ta yi wa wasiyya, da waɗanda za ta nemi gafararsu, da Ubangijin da za ta shirya saduwa da shi. Ban da haka, jiki magayi ne. Yawancin marasa lafiya sun riga sun gane, sai dai su ma su yi kamar ba su sani ba domin su sauƙaƙa wa mai jinyarsu. Sai ka ga mutum biyu a ɗaki guda, kowa yana kuka a ɓoye, kowa shi kaɗai. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ana iya zaɓen lokaci, a zaɓi kalmomi masu taushi, a faɗa kaɗan kaɗan gwargwadon abin da mutum zai iya ɗauka, a kira Fada ko wani dattijo ya zauna tare da su. Ƙarya dai ba ta da wuri.

Asibiti da addu'a

An daɗe ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa. Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. Abin da ke faruwa shi ne, ana kai mara lafiya asibiti bayan cutar ta riga ta bazu, in ya mutu sai a ɗora wa allura laifin jinkiri. Dajin mama da na bakin mahaifa, in an gano su da wuri, da yawa sukan warke sarai. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, iyaye Kiristoci kuwa ya kamata su kasance a gaba wajen kai 'ya'yansu.

Waɗansu kuma sukan ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Sukan kwashi mara lafiya zuwa gidajen da ake sayar da ruwa da mai, a umarce shi ya zubar da magungunansa domin ya nuna ya gaskata. Littafin Sirak, a sura ta 38, ya umarce mu mu girmama likita domin Allah ne ya ba shi saninsa, ya kuma ce mara lafiya ya yi addu'a, sa'an nan ya ba likita wuri. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Shaiɗan ne ya ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali domin ya gwada Allah, Yesu kuwa ya ƙi.

Yana da kyau ma'aurata su san abin da ke gabansu. Akwai tiyata, inda ake cire ƙarin, wani lokaci da maman gaba ɗaya. Akwai maganin da ake kira kemo, wanda akan ɗura ta jijiya, sau da yawa bayan kowane mako uku, har sau shida ko takwas. Yana kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa, shi ya sa yake taɓa sumar kai, da baki, da ciki, da jini. Sumar takan zube, amma takan sake tsirowa bayan an gama. Akwai kuma ƙona ƙarin da hasken na'ura, wanda akan yi kwana biyar a mako har makonni. Wuraren da ake yin wannan kaɗan ne a ƙasarmu, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, don haka akwai doguwar tafiya, da kuɗin mota, da neman wurin kwana.

A cikin waɗannan watanni ne ake gane miji. Macen da aka cire wa mama, sumarta ta zube, kafin ta dubi madubi fuskar mijinta take fara duba. In ta ga ƙyama a can, ba likitan da zai iya ɗinke wannan rauni. Muna faɗa da baƙin ciki cewa akwai waɗanda ke mai da matansu gidan iyayensu da sunan jinya, daga nan shiru. Akwai dangin da ke fara raɗa wa miji maganar ƙara aure tun matarsa tana numfashi. Ku ji mu da kyau: wannan cin amanar alkawari ne da aka yi a gaban Allah, ba kuwa al'adar da za ta wanke shi. Haka nan macen da maganin furostet ya rage wa mijinta ƙarfi, ta rufa masa asiri, ta girmama shi a gaban 'ya'yansa kamar dā.

Sa'ad da addu'a ta yi nauyi

Kada mu yi zaton gidan masu bi ba ya jijjiga. Littafin Tobit ya ba mu labarin wani adali da ya makance, matarsa Hannatu ta shiga aikin saƙa tana ciyar da gida. Wata rana aka ba ta ɗan akuya kyauta, shi kuwa ya zarge ta da sata. Ta mayar masa da magana mai zafi, ta tambaye shi amfanin da sadakokinsa suka yi masa. Duk wanda ya yi doguwar jinya ya san irin wannan rana. Mara lafiya yakan yi fushi domin ya zama abin ɗauka, mai jinya kuma gajiya takan sa ya faɗi abin da ba ya nufi. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin da ake bukata shi ne kada a kwana da shi, a nemi gafara da sauri, gama ba wanda ya san yawan safiyar da ta rage.

Haka yake da Allah ma. Akwai daren da mara lafiya ba ya iya ko Ubanmu, zuciyarsa cike da tambaya da ɗaci. Wannan ba ridda ba ce. Zabura cike take da kukan masu tambayar Allah har yaushe. A Getsamani Ubangijinmu ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, sai dai Luka ya gaya mana an aiko mala'ika ya ƙarfafa shi. A daren nan abin da ya nema wurin abokansa shi ne su zauna a faɗake tare da shi, suka kuwa yi barci. A sura ta 2 ta Bisharar Markus mutum huɗu sun ɗauko shanyayye, suka buɗe rufin ɗaki suka sauke shi gaban Yesu, mai Bishara kuma ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Ga amfanin zama biyu ke nan. Ranar da ɗaya ya kasa addu'a, ɗayan ya ja rosari da murya a kusa da kunnensa, shi kuwa ya saurara kawai. Wata rana za a juya, mai ciwon ne zai ƙarfafa mai lafiyar, kamar yadda Zeli ta yi a tashar jirgi.

In magani ya kai iyakarsa

Da yawa sukan warke, mu gode wa Allah. Waɗansu kuwa lokaci yakan zo da likita zai ce ba sauran abin da magani zai ƙara. A nan mai jinya yakan shiga damuwa, yana ganin in bai sayar da gona ta ƙarshe ya sake gwada wani wuri ba, ya kashe abokin zamansa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya bayyana cewa halal ne a dakatar da maganin da nauyinsa ya fi amfaninsa, domin mai yin haka ba mutuwa yake nema ba, ya yarda ne cewa ba shi da ikon hana ta. Abin da aka haramta shi ne a kashe mara lafiya da gangan, ko a daina ba shi kulawar da ta wajaba ga kowane mutum. Tun 1957 Paparoma Piyus na 12 ya tabbatar cewa Kirista yana iya karɓar magani mai ƙarfi na kashe zafi. Kada wani ya hana matarsa irin wannan magani yana cewa wahalarta hadaya ce. Hadaya mai ita ne ke miƙa ta, ba a ɗora wa wani.

Kada kuma a jira sai numfashi ya fara sarƙewa kafin a kira Fada. Babban Taron Batikan na Biyu ya bayyana a 1963 cewa Shafewar Marasa Lafiya ba ta masu baƙin mutuwa kaɗai ba ce. Wanda ciwo mai tsanani ya kama, ko zai shiga babbar tiyata, ya cancanci karɓarta, ana kuma iya maimaita ta in ciwon ya ƙaru. Wasiƙar Yakubu, sura ta 5, ita ce tushenta. Zuwan Fada da mai mai tsarki ba sammacin mutuwa ba ne. Ku kira mu da wuri, mara lafiya yana cikin hankalinsa, ya furta zunubansa, ya karɓi Jikin Kristi tare da abokin aurensa.

Rabonmu mu Ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko Ubangijinmu ma sai da aka sa Saminu Bakurane ya taya shi ɗaukar gicciye. Muna roƙon Zumuntar Mata ta tsara masu kai abinci da masu kwana da mara lafiya, domin mai jinya ya sami ko dare ɗaya na barci a mako. Ƙungiyar maza ta fita gayya a gonar wanda damina ta same shi a asibiti. Matasa masu lafiya su ba da jini, gama masu karɓar kemo sukan bukace shi. Kwamitin majami'a ya duba kuɗin makarantar yaran gidan. Mai zuwa gaisuwa kuma ya taƙaita zama, ya bar labarin waɗanda cutar ta kashe, ya bar tallan magunguna, ya kuma juya ga wanda ke gefen gadon ya ce masa, "Sannu da jinya, kai fa yaya ƙarfin jikinka?"

Ku kuma ma'auratan da ke cikin wannan hali a yau, Ikilisiya ba ta da ikon yi muku alkawarin waraka, ko da yake muna roƙonta dominku a kowace Misa. Abin da muke da tabbacinsa shi ne, wanda ya tsaya shaida a ranar aurenku bai janye ba, kuma ba kofin ruwa ɗaya da kuka miƙa wa juna da zai ɓace a gabansa. Ikilisiya tana tunawa da Luwis da Zeli ran 12 ga Yuli, ku nemi roƙonsu. Bari Budurwa Maryamu, wadda ta tsaya a gindin gicciyen Ɗanta, ta tsaya tare da ku. Allah Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu ƙarfi da haƙuri. Amin.